Gudun Yada-Ƙanin-Wani Da Toshe Kunne: Ina Da Magana Da Samarin Haɗeja

Yau na ɗan ajiye zancen littattafai da marubuta a gefe, zan taɓo wata magana wadda a ganin wasu ba ta kai a zubar mata da tawada ba, wato maganar gudu. Gudu fa na ƙafa nake nufi, wanda mutum da hankalinsa zai ɗaura kambas da asuba ya kama hanya alhali ba wanda ya biyo shi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin kallon da muke yi wa babban mutum in yana gudu. Ko dai ya ɗauki abin wani, ko gobara ta tashi, ko kuma a fara yi wa iyayensa jaje. Yaro ne ke gudu, sai ɗan ƙwallo, sai mai neman shiga soja. To amma abin ya soma sauyawa. A Haɗeja ma, kamar sauran garuruwanmu, in ka fito bayan sallar asuba ka nufi bakin gari, ta hanyar Malam Madori ko ta Kafin Hausa, za ka ci karo da samari suna sassarfa, wasu ɗai-ɗai wasu a rukuni, har da magidanta waɗanda likita ya tsorata da hawan jini ko ciwon suga. A cikinsu akwai masu dogon buri, waɗanda suka kalli gasar Legas a waya suka ce su ma sai sun je. Kuma da yawansu in ka duba za ka ga igiyar iyafis ta zubo daga kunne zuwa aljihu, ko kuma 'yan ƙananan nan marasa igiya. Da waɗannan nake son yin magana. Burin nasu ina bayansa ɗari bisa ɗari. Toshe kunnen ne ban yarda da shi ba, a kan hanyoyinmu da cikin fadamarmu, kuma zan faɗi dalilina.

Bari mu fara da sanin girman abin da ake buri. Gudun yada-ƙanin-wani, wanda wasu ke ce wa gudun famfalaki, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Wannan ɗan ragowar mita 195 ɗin ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, sannan a 1921 aka tsayar da shi a matsayin ƙa'ida ga duniya baki ɗaya. Ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci zinare a wannan gudu shi ne Abebe Bikila na Habasha, a birnin Rum a 1960, kuma ba takalmi a ƙafarsa ya yi shi, cikin awa 2 da minti 15. A 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya cinye wannan nisa a birnin Biyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi a matsayin tarihin gasa ba saboda shiri na musamman aka yi masa. Mu nan gida kuwa, tun da aka fara gasar birnin Legas a 2016, mutanen Kenya da Habasha ne ke zuwa su kwashe manyan kyaututtukan, in kuma aka koma kan 'yan ƙasa sai ka tarar 'yan Filato ne a gaba.

Ba tsafi ba ne. Garin Iten na Kenya, inda zakarun nan ke atisaye, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Iskar can ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara yawan jinin da ke ɗaukar iska, in mutum ya sauko ƙasa sai ya ji gudun ya yi masa sauƙi. Haɗeja kuwa a kwari take, ba ta kai mita 400 ba. Saboda haka ba zan yaudari kowa in ce gobe Bahaɗeje zai kayar da ɗan Kenya ba. Amma ƙarasa gudun, a karɓi lambar yabo, a dawo gida lafiya, wannan kam babu abin da zai hana. Juriya ba baƙuwarmu ba ce. Dubi masuncin da ke tuƙa kwalekwale da gora tun duku-duku, dubi mai dashen shinkafa a Auyo da ke wuni a duƙe cikin laka, dubi Bafulatanin da ke bin shanu daga tudu zuwa fadama ya dawo. Garin da ya tsaya wa Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada ba za a koya masa dauriya ba. Tsari ne ba mu da shi.

Tsarin kuwa ba wani boyayyen ilmi ba ne. Wanda bai saba gudu ba kada ya sa wa ransa kilomita 42 kafin wata 6 zuwa shekara. Da tafiya ake farawa, a riƙa cakuɗa ta da sassarfa, minti 2 gudu minti 2 tafiya, kwana 3 ko 4 a mako, sauran kwanakin a huta, domin a lokacin hutun ne jiki ke gina abin da gudun ya rusa. Masu horarwa suna da wata ƙa'ida ta kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan makon jiya. Sau ɗaya a mako a yi doguwar fita, ana ƙara ta sannu-sannu har ta kai kilomita 30 ko 32 makonni kaɗan kafin gasa. Abin da ya fi duka muhimmanci, kuma shi samari suka fi rainawa, shi ne sauri. Yawancin gudun atisaye a hankali ake yin sa, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. In ka kasa ƙarasa jimla guda, to ka wuce gona da iri. Mai karatu ya riƙe wannan ma'auni na hira, za mu dawo kansa.

Allah Ya kuma yi mana gata ta fuskar lokaci. Gasar Legas a watan Fabrairu aka saba yin ta, wato wanda ya ɗauki shiri na gaske daga kaka, Oktoba zuwa Janairu, zai yi manyan fitarsa ne cikin sanyin hunturu, lokacin da asubar Haɗeja ke sa mutum neman bargo. Ƙura ce kawai matsala, mai asma ya kula. Sannan ga ƙasa iri biyu a bakin ƙofa: yashin jigawa mai ƙarfafa ƙwauri, da busasshiyar hanyar fadama wadda ta fi kwalta tausayin gwiwa. Da damina dai sai haƙuri, wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san hanyar da ka bi jiya gobe sai da jirgi.

To, mu zo kan kiɗa. Ba na cikin masu cewa kiɗa da aikin ƙarfi ba su haɗu ba, domin tarihinmu zai ƙaryata ni. Bahaushe bai taɓa yin aikin wahala shiru ba. Gayya ba ta yiwuwa sai da gangar noma. Mata in suna daka sai sun yi lugude, mai niƙa a dutse tana da waƙarta, mahauta na da kalangu, mafarauta da 'yan tauri kowa da nasa take. Ɗan dambe kuwa, wanda ya san abin da muryar Ɗan Anace ke yi wa Shago ba sai an yi masa bayani ba. Abin da kakanninmu suka gane da jikinsu shi Turawa suka zo suka auna a ɗakin bincike. Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya shafe shekaru yana nazarin wannan, kuma abin da shi da abokan aikinsa suka nuna shi ne, a aikin da bai tsananta ba kiɗa yana rage jin gajiya da kimanin kashi 10 cikin 100, yana gyara zuciya, sannan in taku ya dace da bugun kiɗan jiki yana tattalin ƙarfinsa. Haile Gebrselassie ma, lokacin da ya kafa tarihin mita 2,000 na cikin zaure a Birmingham a 1998, wata waƙa mai suna Scatman aka sakar masa a lasifika, saboda bugunta ya dace da takunsa.

Duk na yarda da wannan. Amma a lura da kyau, a lasifika aka sakar masa, a zauren da babu mota. Mai gangar noma kuma a bayan manoma yake tafe, idonsa a kansu. In ya ga kuyya ta yi tsawo, gumi ya yi yawa, sai ya sassauta hannu. In ya ga wani ya fara tangaɗi shi zai fara cewa a ba shi ruwa. Makaɗin gargajiya yana kallon mai aiki, kuma kunnen mai aikin a buɗe yake, yana jin gangar, yana jin ɗan uwansa, yana jin kukan jaki a bayan gona. Waya ba ta da ido. Waƙar da ka zuba a memori jiya da dare ba ta san yau rana ta fito da wuri ba, ba ta san ka kwana da zazzaɓi ba. Bugunta ɗaya ne ko kana kilomita ta 2 ko kana ta 25. Wannan shi ne bambancin da nake ganin samarinmu ba su tsaya sun duba ba.

Ka ɗauki ma'aunin hira da na ambata. Yawancin waƙoƙin zamani da samari ke zubawa masu zafin bugu ne, an yi su ne domin rawar biki. Ƙafa kuwa bin kiɗa take ko mai ita bai sani ba. Sabon shiga zai fito da niyyar sassarfa, amshi na tashi sai ya tsinci kansa yana tsere da iska, kuma ba ya jin hakinsa balle ya gane ya zarce. Ba ya jin yadda tafin ƙafarsa ke dukan kwalta, alhali wannan ƙarar ita ce ke fara gaya wa mai gudu ya gaji, takunsa ya lalace. Mako 3 ana haka sai ƙwauri ya ɗauki ciwo, gwiwa ta kumbura, kambas ya koma ƙarƙashin gado, a ce ai dama gudu ba na Bahaushe ba ne.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙoda. Ba sai na gaya wa mutumin Haɗeja yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan ba, daga nan har Gashuwa a ƙasar Bade. An daɗe ana kokawa, masana suna ta bincike a kan ruwan sha da magungunan feshi da sauransu, kuma da wuya ka sami wanda bai san gidan da ake jigilar wankin ƙoda ba. A can Amurka ta Tsakiya, a ƙasashen Nikaraguwa da Elsalbado, an ga irin wannan ciwo ya yawaita a tsakanin masu saran rake, kuma bincike da yawa ya danganta shi da aikin ƙarfi cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba, yau da gobe. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye a awa ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin garin nan yana haura digiri 40. Alamomin da jiki ke bayarwa kafin a faɗi ƙanana ne: baki ya bushe, kai ya ɗan sara, tsigar jiki ta tashi alhali ana zafi, ƙafa ta fara harɗewa. Amfanin kiɗa, kamar yadda masu binciken suka faɗa da kansu, shi ne ya ɗauke hankalinka daga irin waɗannan saƙonni, kuma ya fi yin hakan a gudun da bai tsananta ba, wato daidai doguwar fitar da ake ƙarar da ruwan jiki a cikinta. Jiki magayi ne, in ji Bahaushe. Ina hikimar ƙure masa murya a ranar da ka fi bukatar jin abin da zai faɗa?

Kada wani ya ce ai rago ne zafi ke kayarwa. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka tashi gudun mata don gudun rana, amma duk da haka cikin 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba, kuma waɗannan su ne gwanayen duniya, da likitoci a gefensu. Gudun Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021 ɗauke shi aka yi ɗungurungum zuwa Sapporo a arewacin Japan saboda tsoron zafi.

A nan zan ɗan ratse in yi wani gargaɗi, tun da mun saba da shiga kemis mu ce a haɗa mana na ciwon jiki. Magungunan nan irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su kafin dogon gudu ko bayansa alhali jiki ya bushe, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna iya yi mata illa. Tramadol kuwa ba ma sai an faɗa ba. Wanda ya dawo daga gudu ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga tsamin jiki mai tsanani, asibiti zai nufa a ranar, kada ya jira gobe. Hanya mafi sauƙi ta sanin ruwan da ka zubar ita ce ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo guda da ya ragu kusan lita guda ce. A mayar da ita a hankali, da ɗan gishiri da suga ko kunu, kada a yi ta ɗura zallan ruwa fiye da kima, shi ma yana da nasa haɗarin.

Sai kuma hanya. Titunan da suka fita daga Haɗeja ba a yi su da gefen mai gudu ba. Akwai tirela, akwai motocin kifi da na tattasai masu sammakon kasuwa, akwai 'yan acaɓa waɗanda rabinsu ba fitila, ga amalanke, ga hazon hunturu da ke hana direba hango abin da ke gabansa. Direbanmu da ham yake tuƙi, in ya danna ya ɗauka ka ji, ba zai taka birki ba. A Amurka ma, inda ake rufe titi saboda masu gudu, hukumar guje-gujensu ta taɓa hana sa abin kunne a gasa a 2007, daga baya a 2008 ta sassauta ta bar hanin a kan masu neman kambi da kyautar kuɗi. Su da aka tare wa mota ke nan. In kuma ka ce bari ka bar titi ka shiga fadama, to can ma kunne ne jagora. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacala ta cinye magudanai da gefen hanyoyi, ba ka ganin abin da ke taku 5 a gabanka. Kububuwa kafin ta yi sara goga jikinta take yi ta ba da wata ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, kasa kuma huci take. Karen ruga yana haushi kafin ya iso. Garken shanu ana jin tahowarsa. Duk waɗannan gargaɗi ne kyauta, kai kuma ka sayi iyafis ka toshe.

Akwai wata asarar da ba ta kisa amma tana yi mini ciwo. Lokacin sanyin da na ce ya fi dacewa da atisaye, shi ne lokacin da tsuntsaye ke tahowa daga Turai, sun ƙetare Sahara, su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Dajin Baturiya da ke ƙasar Kirikasamma tun 2008 yake cikin jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Baƙi na biyan kuɗin jirgi don su zo su ji abin da ɗan gari ke wucewa ta cikinsa da kunne a toshe: fitar kirinjijiya, kukan dinya, motsin zalɓe a bakin ruwa, muryar masunta suna kiran juna.

Kuma mu ba Turawa ba ne da za a wuce juna ba magana. Dattijo zai fito daga masallaci ko ya nufi gona a kan jakinsa, ya yi maka sallama, kai kuma ka wuce fuu kana kaɗa kai. Bai san ba ka ji ba. Abin da zai faɗa a majalisa shi ne ɗan gidan wane ya fara gudun nan na 'yan boko ya daina amsa sallama. Abin da ke neman karɓuwa a gari, wanda har yanzu wasu ke yi wa kallon taɓin hankali, ba ya bukatar irin wannan shaida. In muna son gobe uba ya bar ɗansa ya fita, har a kai ga samar wa 'yan mata wurin da za su motsa jiki cikin sutura da mutunci, to masu gudun yau su ne za su saya wa abin suna. “Sannu Baba, ina kwana” a cikin gudu ba ta rage komai, ita ce ma gwajin ko saurinka ya yi daidai.

Na san akwai masu cewa su ba kiɗa suke ji ba, karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi. Allah Ya ba da lada. Hukuncin sauraron karatu alhali hankali na kan haki da ramukan hanya, wannan na bar wa malamai. Amma ta fuskar tirela da kububuwa, kunnen da aka toshe da wa'azi da wanda aka toshe da waƙar fim duk ɗaya ne.

To a ina kiɗan zai shiga? Yana da wurinsa. In kana zagaya filin ƙwallo ko filin makaranta inda ba abin hawa, sa abinka, ka zaɓi mai sanyin bugu, wani abu irin kalangun Shata ko kuntigin Ɗanmaraya ya fi dacewa da sassarfa a kan waƙoƙin rawar biki, kuma kada ka ƙure ƙara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro. Ka ji shi a gida kana ɗaura takalmi don ya tayar maka da tsumi, kamar yadda ake yi wa ɗan dambe take kafin ya shiga fage. In ka matsa sai ka fita da shi, to kunne ɗaya, kuma na ɓangaren daji, ka bar na ɓangaren titi a buɗe, kana fuskantar motocin da ke tahowa. Ranar doguwar fita kuwa, da duk wata fita cikin bazara, waya ta zauna a aljihu saboda kiran gaggawa kawai.

Abin da ya fi wannan duka shi ne a daina fita ɗai-ɗai. A haɗu mutum 5 ko 10 daga unguwa, a sa lokaci bayan sallar asuba, a sami mai keke ko babur ya bi da jarkar ruwa. In ana son kiɗa a yi shi da baki, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, kamar yadda sojoji ke yi a gudun safiya. Mai ba da waƙar yana cikin gudun, in numfashinsa ya sarƙe dole ya rage, kowa ya rage tare da shi. Ranar da kuma Allah Ya nufa masarauta ko ƙananan hukumomin yankin suka shirya wa samarin nan tsere nasu, ko da na kilomita 10 ne a watan Disamba ko Janairu, shawarata a ajiye masu kalangu da masu gangar noma a duk bayan kilomita 2, kusa da teburin ruwa, a ba su jerin sunayen masu gudu tun da dare don su san wanda za su kira in ya ɓullo.